Jajayen abubuwa a hafirinmu: a zuba musu magani ko a bar su?

Kawu Idi (Gadarif, Sudan): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema cikin gaggawa. Hafirin, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, da masu karo (amalanken jaki) ke ɗebo mana ruwa ya fara ja da baya, kuma yau kwana uku mata na kuka da wasu 'yan jajayen abubuwa masu tsalle a cikin ruwan. Da sassafe na je na gane wa idona. Gefen gabas ya yi ja kamar an barbaɗa garin barkono. Ga kwalara ba ta gama sakinmu ba. Ina da ragowar maganin feshin riɗi galan guda, wasu sun ce a ɗiga kaɗan su mutu a huta. Me kuka gani?

Sista Halima (Kasala): Wa alaikumus salam. Kawu, don girman Allah ka kulle galan ɗin nan a ɗaki. Maganin feshi guba ne ga mutum da dabba. Abin da ke yawo a ruwa ana tace shi da ƙyalle, guba kuwa ba ƙyallen da ke tare ta, cikin yaro za ta zarce. Ka hana kowa taɓa hafirin tukuna.

Zahra'u (Gadarif): Kawu barka da hantsi. Daga hafirin nan ake kawo wa Inna ruwa, kuma na riga na duba su. Daren jiya na ɗebi ruwan randa a kofin shayi na gilashi, na kashe fitila, na haska tocilan waya ta gefe. Iri biyu ne a ciki. Na farko ɗan dunƙulalle, bai kai ƙwayar gero ba, yana tafiya zuƙut-zuƙut kamar mai shaƙuwa. Shi ne ja. Ƙuman ruwa ake ce masa saboda tsallen, amma ba ya cizo. Na biyu siriri ne, fari-fari, da ido guda a tsakiyar goshi, yana fizga kamar kibiya. Macensa na ɗauke da jakar ƙwai biyu, hagu da dama, kamar jaki da mangala. Wannan shi ne saikulof.

Dukansu ba ƙwari ba ne, dangin jatan lande da ƙaguwa ne, ƙanƙanta kawai suka yi. Mun yi aiki a kansu a jami'a a Madani kafin yaƙi ya watsa mu. Idan ka ɗora ƙuman ruwa a madubin likita, jikinsa garai yake kamar gilashi. Za ka ga zuciya na bugawa a gadon bayansa, ka ga hanji ya taso daga kai ya lanƙwasa har gindi, kore shar da gansakukar da ya ci, abincin na gangarawa a hankali kana kallo.

Jan da ka gani kuma ba cuta ba ce a jikinsu. Idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ruwa, sai su ƙara yawan sinadarin nan da ke sa jininmu ja, don su kama 'yar iskar da ta rage. Wato suna gaya maka ruwan ya ragu, ya ɗumama, kuma ƙazanta ta yi masa yawa. Dabbobi na shiga hafirin?

Kawu Idi (Gadarif): Suna shiga, 'yata. Wayar shingen ta faɗi tun damina. Daidai gefen gabas ɗin ma awaki da jakuna ke sha.

Baba Alhaji (Maiwurno): Allah ya yi miki albarka jikata. Ni abin da ya tsorata ni da maganar mai ido guda shi ne kurkunu. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Ina saurayi na ga wani baƙo da ya biyo hanyar hajji ta ƙasa daga yamma, ya sauka a unguwarmu da ƙafa a kumbure. Kullum da safe sai ya zauna a inuwa ya tsoma ƙafar a ƙwarya, ya kama kan farar tsutsa ya naɗa a tsinke, ɗan kaɗan kawai, gobe ya ƙara. Ya fi wata yana wannan aiki, ayarinsu ya tafi ya bar shi. Daga baya muka ji cewa ƙwaron ruwa ke kawo shi. Shin wannan ne?

Zahra'u (Gadarif): Shi ne, Baba, saikulof ɗin. Idan mai kurkunu ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar na zubo 'ya'ya dubbai a ruwa. Saikulof na haɗiye su a matsayin abinci. Maimakon su narke, sai su huda bangon hanjinsa su shige cikin jikinsa, su yi kamar mako biyu suna ƙosawa. Mutum ya sha ruwan, cikinsa ya narkar da saikulof ɗin, 'ya'yan su fito. Sai bayan kusan shekara macen ta ɓullo ta ƙafa, tsawonta na iya kai mita guda. Wani ɗan Rasha mai suna Fedchenko ya gano wannan tun 1870. Amma saikulof ba ya ƙirƙiro kurkunu daga jikinsa. Sai mai cutar, mutum ko kare, ya shiga ruwan.

Usman (Madina): Baba ina gaisuwa. Sunan kurkunu na kimiyya ma yana ɗauke da sunan Madina, don a zamanin da an san shi a wannan yanki. Kuma ya kusa ƙarewa a duniya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. A 2024 mutum 15 kacal aka samu, a Chadi da Sudan ta Kudu. Najeriya da ta ƙirga sama da dubu 650 a ƙarshen shekarun 1980 ta samu takardar rabuwa da shi a 2013, Janar Gowon ya sha yawon ƙauyuka a kan wannan. A Sudan ɗinmu ma a 1995 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa an tsagaita wuta a kudu musamman don ma'aikatan kurkunu su shiga. Kuma ba allura, ba ƙwayar magani. Tace ruwa da hana mai ciwo shiga tafki su ne ƙashin bayan aikin.

Kawu Idi (Gadarif): To ai na ji a yaƙin kurkunun ma magani suke zuba wa tafkuna. Me ya bambanta da nawa?

Sista Halima (Kasala): Nasu Abate ne, Kawu, maganin kashe saikulof a ruwa. Ma'aikatan da aka horar ke auna faɗi da zurfin tafki, su lissafa, su zuba daidai awon da ba ya cutar da mai sha, kuma a tafkin da ake zargin mai cuta ya shiga. Naka na kashe tsutsar gona ne, ba wanda ya yi shi don cikin ɗan Adam.

Bashir (Damazin): Bari in sa baki, tunda ni da jajayen nan nake ci da iyalina. Ina ƙyanƙyasar tarwaɗa, kuma 'ya'yan kifi in sun cinye ƙwanduwar cikinsu ba abin da ke tashinsu kamar wannan. Moyina muke kiransu. Kiwonsu nake a kwatami da kashin kaji, in kwashe da rariyar yadi da asuba. Da ina kusa, Kawu, da na zo da bokiti na rage maka.

Amma ƙanwata Zahra'u, akwai abin da ya daɗe yana cina. Bara na ce bari in yi tsabta. Na wanke kwatamin da kilorin tas, na bari ya bushe, na zuba ruwa mai kyau, na kawo iri na wanke su sau uku, ina ba su yis. Wallahi suka ƙi gaba. Ƙanana, ba haihuwa, cikin mako suka ƙare. Da na koma tsohuwar hanya, na zuba bokiti guda na ruwan tsohon kwatami, kwana biyar wuri ya yi ja. Me ke cikin bokitin nan?

Zahra'u (Gadarif): Yaya Bashir, ka taɓo inda nake so. Abu biyu ke cikin bokitin. Na farko abinci, don moyina na cin bakteriya da gansakuka, ruwa mai tsabta kuwa kwano ne ba tuwo. Na biyu shi ne abin da aka fara ganewa a 'yan shekarun nan: hanjin ɗan abin nan da kansa gari ne, da mazauna.

An fi yin binciken a kan dafniya, 'yar uwar moyina da ta fi ta girma, wadda ke kai milimita biyar. A Bazel ta ƙasar Suwizalan, a ɗakin binciken Dieter Ebert, sun ɗauki ƙwan dafniya suka wanke bayansa har ba sauran bakteriya, suka ƙyanƙyashe shi a ruwan da ba ƙwayar komai, suna ba shi abinci mai tsabta. Abinci wadatacce fa. Amma 'ya'yan suka tashi ƙanana, haihuwa kaɗan, mutuwa da wuri. Da aka maido musu da bakteriyar danginsu sai suka miƙe. A 2015 aka buga sakamakon. A Japan kuma an nuna cewa wata bakteriya mai suna Limnohabitan, wadda ke yawan cika hanjin dafniya, ita kaɗai in an maido ta haihuwa na dawowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a cikin ƙwai uwa ke ba su ba. Cikin ƙwai fes yake. Daga bayan ɓawo, da jakar goyon uwa, da ruwan da suka faɗo ciki suke tsinta. Ka ga kenan bokitinka kamar tsamin da Inna ke zuba wa sabuwar madara ne. In ba tsohon nono, kindirmo ba ya kamawa.

Bashir (Damazin): Allahu akbar. Tsami ne ashe. Shi ya sa na tsohon kwatami ya fi na rijiya.

Baba Alhaji (Maiwurno): Jikata, to in hafiri ya ƙafe ƙurmus da rani, ƙasa ta tsage, daga ina suke dawowa? Iyayenmu cewa suke ruwan sama ke zuwa da su.

Zahra'u (Gadarif): A cikin taɓon suke, Baba. Lokacin wadata mata ne zalla, suna haifar mata ba tare da namiji ba, shi ya sa suke cika wuri cikin kwanaki. In ruwa ya fara ƙafewa sai maza su bayyana, a yi ƙwai na musamman cikin kwasfa mai tauri, ya nutse a laka. Yana jure rana da fari shekaru. Ruwan farko na sauka ya farka, ya tsinci bakteriyarsa daga lakar da ya kwanta a ciki.

Kawu, ga dalilin da ya sa na ce kada a kashe su, ban da gubar. Yini suke suna tace ruwa, suna cinye gansakuka. In ka share su, gansakuka ta samu fili. Akwai wata iri mai suna Maikurosistis da ke taruwa a saman ruwa kamar an zuba koren fenti. Gubarta hanta take kamawa, tana kashe dabbobi, kuma tafasa ruwa ba ya lalata ta. A Beljiyam a 2017 masu bincike na jami'ar Luben sun ɗauki bakteriyar hanjin dafniyar da ke jure wannan guba, suka sa wa wadda aka raina ba bakteriya, sai ita ma juriyarta ta ƙaru. Wato ƙarfin ba a jininta kaɗai yake ba, har da baƙin da ke hanjinta. In koren ya riga ya yi kauri sun fi ƙarfinsu, amma suna cikin masu tare shi tun yana ƙarami.

Sista Halima (Kasala): Zahra'u na yarda da ke a kan guba, amma kada a fita zauren nan da tunanin cewa abubuwan nan abokai ne kawai. Tun da kwalara ta ɓarke a Gadarif a Satumba 2023, ta sake dawowa nan Kasala a Agusta 2024, ni a tantin masu amai da gudawa nake kwana. Na riƙe yaron da fatar cikinsa in ka tsunkula ba ta komawa. Ki gaya musu ɗaya gefen.

Zahra'u (Gadarif): Gaskiyarki Anti, can na nufa. Ba duk mazaunan hanjin ne na alheri gare mu ba. Ƙwayar kwalara, Bibriyo, asalinta 'yar ruwa ce, kuma tana son ɓawon dangin saikulof don tana iya cinsa. Tana mannewa a bakinsu da jakar ƙwansu, tana zama a hanjinsu. Guda ɗaya na iya ɗaukar ƙwayoyi har dubu goma. Su ba ta kwantar da su, mu take kwantarwa.

Rita Colwell ta Amurka da Anwar Huq ɗan Bangaladesh suka yi shekaru a kan wannan. Sai suka ce, tunda ƙwayar a kan abin hawa take, a tare abin hawan. A yankin Matlab na Bangaladesh suka yi gwaji a ƙauyuka 65, suka koya wa matan wasu daga cikinsu su ninka tsohon mayafinsu na sari sau huɗu su rufe bakin tulu kafin su ɗebi ruwa. Mutum wajen dubu 133 ne a gwajin, kuma kwalara ta ragu da kashi 48 cikin ɗari. A 2003 aka buga. Tsohon yadi ya fi sabo, don zarensa ya saki ya toshe ƙofofin. Tsohon tob na auduga, lafayar da Inna ta daina fita da ita, zai yi wannan aikin.

Sista Halima (Kasala): Nan ne tsorona. Kashi 48 ba ɗari ba ne, sauran rabin fa? Kuma tamu kwalarar ta yanzu ba daga saikulof ta fi yaɗuwa ba. Daga bayan gidan mai ciwo take: masai ya cika, ruwan sama ya kwashe, hannu ya shiga jarka, mutum ɗari na bin famfo guda a makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Wannan ƙwayar a sake take yawo, ƙyalle ba ya ganinta. Na sha jin uwa ta ce ai na tace, alhali ɗanta na kwance a gabana. Kilorin, jama'a. Kilorin da sabulu.

Usman (Madina): Ni a nawa ganin Sista ta fi gaskiya. A bar maganar lafaya kada mutane su sake.

Zahra'u (Gadarif): Yaya Usman ba zan bar ta ba, kuma dalilina na goyon bayan Anti ne. Kilorin na ƙarewa a kan duk dattin da ya tarar. Ruwan hafirinmu kamar kunu yake, in ka jefa ƙwayar kilorin a haka laka ce za ta shanye ƙarfinta. Sannan awon da muke sa wa ruwan sha ba lallai ya kashe saikulof ba, ƙwayar da ke cikin hanjinsa kuwa ta samu ɗaki ta rufe ƙofa. Ka fitar da shi da ƙyalle, sai kilorin ya samu waɗanda ke sake a fili. Ƙyalle a gaba, kilorin a baya, ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya aiki.

Sista Halima (Kasala): In da haka za a faɗe ta, na sa hannu. Amma a faɗe ta a haɗe, kada a raba. Kuma bayan an jefa ƙwayar kilorin a jira rabin sa'a cur, a rufe jarka, a riƙa tsiyayowa, ba tsoma moɗa ba. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya asibiti.

Maman Husna (Sinnar): Sannunku da ƙoƙari. Mu nan bakin Bahar, wato kogin Nilu, in ruwa ya yi laka lokacin cikowa, 'ya'yan zogale muke ɓarewa mu daka, mu dama a ɗan ruwa, mu juye a zir, wato randa, mu gauraya. Kafin a gama girki laka ta kwanta. Kakata haka take yi. Yana kashe abubuwan nan?

Zahra'u (Gadarif): Yana kwantar da laka, Mama, kuma lakar na jan bakteriya da yawa zuwa ƙasa. Wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, a wurin matan ƙauyukan Sudan ta koyi wannan, ta rubuta har duniya ta sani. Amma masu iyo da ƙafarsu ba sa kwanciya, sai an tace. Kuma ruwan zogale a sha shi a ranar, in ya kwana bakteriya na sake yawa. Alif ma na kwantar da laka in akwai shi.

Baba Alhaji (Maiwurno): Tsargiya fa? Yaranmu masu wanka a tur'a, magudanar ban ruwan gona, suna fitsarin jini.

Sista Halima (Kasala): Wannan daban ce, Baba. Katantanwar ruwa ke rainonta, kuma ta fata take shiga lokacin wanka ko wanki. A kai su a auna fitsari, akwai ƙwayar magani.

Bashir (Damazin): Ƙari kan ƙyallen, daga mai aiki da rariya kullum. Ku yi wa gefen sama alama da zare ja. In kuka juya shi gobe, abin da kuka tare jiya shi za ku wanke cikin randa. Bayan an gama a wanke da ruwan da aka tace, a shanya a rana ya bushe ƙayau. In ya huje ko da ƙofar allura ce a canza, saikulof siriri ne.

Kawu Idi (Gadarif): Jama'a na dawo daga taron kwamitin unguwa bayan la'asar. Na karanta musu saƙonninku. Galan ya koma gona. Gobe samari za su ɗaga shinge, a haƙa wa dabbobi kwami a waje a riƙa zuba musu. Masu karo takwas ne, mun ce kowa ya ɗaure ƙyalle ninki huɗu a bakin tankinsa, mata sun kawo tsofaffin tob guda biyar, saura uku. Biyu daga cikin masu karon sun ce ƙyallen zai rage musu sawu don ruwa ba ya wucewa da sauri, ba mu gama da su ba. Ƙwayar kilorin kuma abin da ke hannunmu ba zai wuce kwana goma ba. Sista Halima, ta ina ake neman ƙari?

Sista Halima (Kasala): Ka je cibiyar lafiya mafi kusa da wasiƙar kwamiti da adadin gidaje, ka nemi jami'in lafiyar muhalli. Ka duba bayan fakitin da za su ba ka, akwai ƙwayar lita ashirin akwai ta ƙasa da haka, kada a haɗa awo.

Zahra'u (Gadarif): Kawu, masu karon su bar ruwa ya ɗan kwanta a rabin ganga kafin su juye ta ƙyallen, zai fi saurin wucewa. Zan zo bakin hafirin bayan sallar asuba da kofin gilashi, in ɗebi na gaban ƙyalle da na bayansa su gani da idonsu. Inna ta ce a ƙara tob ɗinta guda, saura biyu.